Jirgin Kifi na Ƙarfe Shida

"Yau kada ku bar shi shi kaɗai," in ji Nas Rennie. Tana tsaye a bakin ƙofar Mista Geddes, jaka a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta danne hularta kada iska ta tafi da ita. "Ba na jin zai ga safiya. Kuma in ruwa ya hau hanyar nan, ni ba dawowa zan iya yi ba."

Na ce mata to, amma idona yana kan teku. Tun safe ya yi baƙi, igiyoyin ruwa suna dukan duwatsun da ke ƙasan gidajenmu har kumfa na tashi yana faɗowa cikin lambu. Ɗana Innes yana can tsakiyarsa a jirgin kamun kifi, tafiyar yini guda daga tudu.

"Dod, da kai fa nake."

"Ina ji."

"Ɗan jirgin ƙasan wasan nan nasa kuma, ku ƙyale masa shi ya yi ta zagayawa. Abin da allurata ta kasa yi masa, shi yake yi. Kada wanda ya kashe."

Ta shiga motarta ta tafi. Daga cikin gidan ina jiyo ƙananan ƙafafun ƙarfe suna bin layi, su yi nisa su dawo. Nas Rennie daga can cikin tudu aka turo mana ita, ba ta da kowa a teku, don haka ba ta san abin da ta ɗora mini ba. Muddin jirgin nan yana tafiya, rediyon gidanmu ba ya kama komai. Kuma da ƙarfe shida na yamma ne kaɗai ake jin muryar jiragen da ke teku.

Gidajenmu biyu ne, manne da juna, a gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kusan mil guda daga garin Portlennoch. Ba mu da wani maƙwabci sai tsuntsayen teku, ba mu da tarho. Kicin ɗinmu da ɗakin bayan Mista Geddes bango ɗaya ne ya raba su, bangon kuma ba shi da kauri. In ya yi tari, matata Netta takan ce masa sannu.

Shi ne mai kula da tashar har ranar da aka rufe ta aka kwashe layin dogo. Bayan rasuwar matarsa Elspet, sai ya shiga ɗakin bayan nan da katako da ƙusa da gam, ya sake gina layin gaba ɗaya a kan tebura: tasharmu da bencinta, gadar kogi, ramin da ke ratsa dutse, tumakin auduga a kan tudu, har da gidajenmu biyu, kowanne bai fi akwatin ashana ba. Mutane suna cewa wasa yake yi, amma shi bai ɗauke shi wasa ba. Yadda jirage suke tashi a da, haka yake tashin nasa. Na madara da wasiƙu da sassafe, na 'yan makaranta bayansa, na rana, sannan na dakon kifi, wanda ake kira jirgin kifi, da ƙarfe shida na yamma. Yakan sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya ciro agogo daga aljihun falmaran, ya duba, sannan ya murɗa makunnin da ke kan akwatin wutar.

Ni kuwa a gidan ƙanƙara na bakin tashar jiragen ruwa nake aiki. Ubana masunci ne, kakana masunci ne, amma ni sau biyu na fita teku, sau biyun kuma a kwance aka dawo da ni ina amai. Har yau in na wuce, tsofaffi kan ce, "Dod, riƙe bango, ƙasa na motsi." Na saba. Innes dangin uwarsa ya biyo. Yana gama makaranta ya shiga jirgin Wull Duthie, jirgin da ake kira Tauraruwar Arewa, ni kuma tun daga ranar barcina ya zama rabi.

Abin da ke riƙe ni shi ne ƙarfe shida. A lokacin ne kyaftin-kyaftin suke magana da gida ɗaya bayan ɗaya, mu ji su, su ba sa jin mu. Kowa da yadda yake farawa don a gane shi. Wani fito yake yi, wani ya kira sunan karensa. Duthie kuwa baiti ɗaya na Zabura yake rerawa, da wata murya kamar ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba, sannan ya ce, "Tauraruwar Arewa ce. Duk muna lafiya. Ku kwana lafiya." Shi ke nan. Da na ji wannan sai abinci ya shiga.

A hunturun farko na Innes ne abin ya fara damuna. Ana kunna rediyo sai wata ƙara ta taso, kamar an jefa ɗanyen kifi cikin tafasasshen mai, ta rufe muryar Duthie ruf. A da ban taɓa lura ba, don ba ni da wanda nake saurare. Tun ina yaro na san in rediyo yana irin wannan, to tsawa ake yi a wani wuri. Saboda haka na yanke cewa hadari ne a inda jirgin yake. Sai in kwana ina juyi, da safe in ruga bakin ruwa ina tambaya.

"Wane hadari?" in ji masu sauke kifi. "Jiya teku kamar madara a kwano. Mun ji Duthie garau, har kuskuren da ya yi a baitin."

Na ce to ai hadarin yana iya zama a gefe ɗaya. Suka ce ƙwarai, a gefen gidanka.

Netta ce ta gano. Wata yamma tana feraye dankali, sai ta ajiye wuƙar ta karkata kai.

"Dod, wane irin hadari ne wannan da yake zuwa, ya wuce, ya sake dawowa? Ji. Ga shi nan ya matso. Ga shi ya tafi." Ta ɗaga yatsa. Ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, muka ji kalma biyu daga bakin wani kyaftin, sannan ta dawo. "Har tsayawa yake yi a ƙaramar tasha ya ɗauki kaya. Sarkin tsoro, hadarinka yana bayan bangon nan, da hula a kansa."

Washegari na sa rigar kirki na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ya saurare ni har na gama, hannuwansa a baya.

"Abin bai yi mini daɗi ba, Cowie," ya ce. Sunan gidanmu yake kirana da shi, kamar yadda yake kiran ma'aikatansa a da. "Za a duba."

"Na gode, Mista Geddes. Da ma cewa na yi, ko za a ɗan matsar da na shidan nan zuwa shida da rabi."

Ya dube ni kamar na ce a matsar da ranar Lahadi.

"Jirgin kifi ƙarfe shida yake tashi."

"Ai na sani. Amma tun da babu kifin gaske a ciki..."

"In bai tashi shida ba, ba zai tarar da na kudu a mahaɗa ba. Kifin ya kwana a hanya ke nan. Kai da ke aikin ƙanƙara ai bai kamata a gaya maka ba."

Na dawo gida na cire rigar kirkin.

Amma da ya ce za a duba, ya duba ɗin. Shi da kansa ya sa aka turo wani ma'aikacin duba rediyo daga gidan waya, da mota da wani akwati mai allura da ke rawa. Mutumin ya wuni yana buɗe kawunan jiragen yana liƙa musu wasu ƙananan abubuwan kashe ƙara, wai su kwandensa, da dalma, kowanne kamar ƙwayar wake. Ya sauya wayoyin akwatin wutar, ya ce mu ja eriyarmu zuwa sandar shanya da ke ƙarshen lambu, mu kuma kafa ƙarfe a ƙasa mu ɗaura wa rediyon. Duk mun yi. Sauran jiragen suka yi tsit. Saura guda, wani baƙin kan jirgi da ya girme su duka.

"Wannan ya gaji, Baba," in ji ma'aikacin. "Cikinsa tartsatsi kawai yake yi. Muryar da suke son ji kuma daga nesa take zuwa, ba ta da ƙarfi. Ka ajiye shi a kan kanta ya huta, ka sa wani ya ja."

"Shi ke jan jirgin kifi."

"Ga wannan koren, sabo fil."

"Wannan na fasinja ne," in ji Mista Geddes a hankali, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani. Ma'aikacin ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya sha shayinsa ya tafi.

Mun gwada kai rediyon ɗakin kwana, mun gwada ɗakin wanki. Ƙarar ta bi mu duk inda muka je. Na fara tunanin tafiya cikin gari kowace yamma in saurara a gidan 'yar'uwar Netta, amma da hunturu hanyar bakin dutsen nan ba ta biyuwa in duhu ya yi.

Ranar nan Netta ta zuba romon kifi a kwano, ta rufe da faranti, ta ce in biyo ta. Muka same shi yana goge layi da tsumma.

"Mista Geddes," ta ce, "tambaya gare ni. Duk shekarun da ka yi a tasha, babu abin da yake tsayar da jirgi in lokacinsa ya yi?"

"Babu, Misis Cowie. Sai dai in akwai wani abu a kan layi."

"Kamar me?"

"Dutse ya gangaro, ko dusar ƙanƙara. Ko dabba."

"In saniya ce fa?"

"Doka ta ce a ɗaga jan sigina, a tsaya har sai an kore ta."

"To, ni na ga saniya a kan layi. Ɗazu, wajen gada. Kuma da alama kullum da shida take zuwa."

Ya daɗe yana kallonta. Gashin bakinsa ya ɗan motsa.

"Ta wane ne?"

"Ban duba shaidar da ke kunnenta ba."

"Sakacin manoman nan ya yi yawa," ya ce, ya karɓi kwanon. "Har yaushe kike ganin za a ɗauka kafin a kore ta?"

"Da an gama baitin Zabura ta wuce."

Tun daga ranar, shida na yi sai rediyonmu ya washe. Mu ji jiragen ɗaya bayan ɗaya, mu ji Duthie, sannan can a bayan bango baƙin kan jirgin ya ja taragunsa a makare. Amma saniya ɗaya ba ta ishi Mista Geddes ba. Ya ce ba mai yarda da saniya kullum. Don haka kowace safiya in na fito zan tafi aiki, sai in same shi a bakin katangar lambu yana jira ya gaya mini dalilin jiya.

"Tumaki ne, Cowie. Garke guda, ba makiyayi."

Ko kuma, "Direba ne ya ƙone harshe da shayi."

Wata rana ya ce, "Hular wani ma'aikacin ƙanƙara ce iska ta jefa kan layi. Da girmanta, sai da aka kira mutum huɗu."

"Kaina ne babba ko hular?"

"Rahoton bai fayyace ba."

Bai taɓa dariya ba in yana faɗa, kuma bai taɓa maimaita dalili ba sai in ya manta. Bayan dalilin sai ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, "Yaron fa?" In ce lafiya. Ya gyaɗa kai ya shige. In Innes ya dawo tudu, shi ke kai masa kifi mafi kyau a nannaɗe cikin jarida, ya zauna ya gyara masa fitilun tashar da hannuwan tsohon suka daina iyawa. Hunturu huɗu muka yi haka. Ban ce na daina jin tsoro ba, amma na samu wanda nake raba shi da shi, kuma Netta ta ce har na ɗan yi ƙiba.

A kakar bana ne ya fara ramewa. Likita ya zo, ya tafi da shi asibiti, suka buɗe cikinsa suka rufe ba su iya yin komai ba, suka dawo da shi gida. Ba shi da ɗa, sai wata 'yar ƙanwarsa a Kanada mai turo kati lokacin Kirsimeti. Ya ce a kawo gadonsa ɗakin baya. Ni da Innes muka ɗauko, muka saka shi tsakanin tebura da bango, muka ɗora akwatin wutar a kan kujera daidai inda hannunsa zai kai. Netta na zama da shi da rana, ni in karɓe ta in na taso aiki. Har makon jiya yana tsayar da jirgin kifi, yana ba da dalili, ko da muryar sai na sunkuya nake ji.

Daga nan kansa ya fara rikicewa. Ya daina duba agogo. Ya saki baƙin kan jirgin yana ta zagayawa ba tsayawa, shi kuma yana bin sa da ido har barci ya ɗauke shi. Ya koma kirana Eck, sunan wani ɗan dakon tashar da ya rasu tun ina saurayi. Ran nan Netta ta kashe wutar don ta goge masa jiki, sai ya fara kuka yana neman sauka daga gado, wai an bar mutane a cikin dusar ƙanƙara, da mata da yara, sanyi zai kashe su. Ba ta ƙara taɓawa ba. Washegari ba mu ji komai a rediyo ba sai ƙarar suyar nan. Da safe a bakin ruwa aka gaya mini sauran jiragen sun gudo sun fake, amma Duthie ya yi nisa, ya ce zai juya hancin jirgin ga iska ya jira ta wuce.

Wannan ita ce ranar da Nas Rennie ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da hula.

Bayan tafiyarta ba da daɗewa ba ruwa ya hau hanyar. Netta ta fito daga ɗakinsa wajen biyar da rabi, muka haɗu a ɗan soron gidan.

"Na ji abin da ta ce," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Amma ɗanmu ne, Dod. Filogin wutar jirgin yana bayan gado. Ka zare shi kaɗan, ka mayar. Ba zai sani ba."

"Zai sani."

"To ya sani ɗin. Kukan minti goma bai kashe kowa ba."

"Yau yana iya kashewa."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ba muguwa ba ce Netta. Ita ta wanke shi, ita ta ba shi abinci a baki wata biyu.

"Ni dai zan kunna rediyo," ta ce. "Kai ka san abin da za ka yi." Ta ja mayafinta ta fita cikin ruwan sama.

Na shiga na zauna a kujerar gefen gado. Ɗakin da ɗumi, garwashi na ci a murhu, ga warin man inji da na magani. Ya ƙanƙance a cikin bargo, hular aikinsa a kan matashi kusa da kunnensa, hannunsa na dama a kan makunnin. Idonsa a buɗe kaɗan. Jirgin ya fito daga ramin dutse, ya haye gada, ya wuce gidajenmu, ya wuce tasha bai tsaya ba. Iska na jijjiga taga. Na leƙa bayan gado na ga filogin. Hannuna zai kai ba sai na tashi ba.

Ta cikin bango na ji Netta ta kunna rediyo. Suyar ta cika kicin ɗinmu har tana tsallakowa. Na sa hannuwana biyu tsakanin gwiwoyina na matse.

"Mista Geddes," na ce. "Akwai saniya a kan layi."

Jirgin ya sake zagayowa.

"Mista Geddes. Saniya, wajen gada."

Leɓensa ya motsa. Na sunkuya.

"Da wannan sanyin, Eck? Duk shanu suna garke. Ka sha wani abu ne?"

"Ban sha ba, ranka ya daɗe."

"To ka je ka rufe taragun."

Tumaki ma suna garke. Duk dalilan da ya yi shekaru yana ba ni, na nemi ɗaya a kaina na rasa. Sai kawai na faɗi abin da ke raina.

"Akwai mutum ɗaya da bai iso ba."

"Wa?"

"Innes. Ɗan gidan Cowie."

"Na kusa da mu?" Ya ja numfashi, ya daɗe kafin ya sake shi. "Yaron kirki. Amma ba a jiran mutum, Eck. Ka sani. In aka jira ɗaya, gobe sai a jira goma."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Na jingina da kujera. Na ce a raina shi ke nan, gobe da safe in ruwa ya janye zan sauka gari in ji. Ban taɓa filogin ba. Na gyara masa bargo, na jiƙa tsumma na shafa masa a leɓe. Jirgin ya shiga ramin dutse, ya fito, ya sake shiga.

Da ya fito a karo na gaba sai na ga kamar ya rage gudu. Na dubi hannun tsohon. Yatsunsa suna murɗa makunnin kaɗan-kaɗan, yadda ya saba, ba gaggawa, don kada kaya su zube. Jirgin ya haye gada a hankali, ya wuce gidajenmu, ya shigo tasha, ya tsaya daidai bakin dandamali.

"Ban yarda da birkin nan ba," ya ce. "Tun ɗazu nake jin sa. Ba zan saki jirgi a gangaren nan da birki haka ba. A duba shi."

"Za a duba."

"A duba da kyau. Ba sauri ake ba."

Suyar ta ɗauke daga bayan bango kamar an sauke kasko daga wuta.

"Je ka mana," ya ce, idonsa a rufe. "Me kake tsaye?"

Ƙofar gidana taku kaɗan ce daga tasa. Amma ba a barin mutum shi kaɗai a irin wannan lokaci, ko kare ne. Na ce masa daga nan ma ina iya dubawa. Na zagaya ƙarshen gadon, na durƙusa tsakanin tebur da bango, na manna kunnena a jikin takardar bangon mai sanyi.

Na ji mai fito. Na ji mai kiran karensa, yana cewa suna fake, sun ɗaure jirgi, kowa ya ci ya ƙoshi. Na ji wasu biyu. Daga nan sai shuuu kawai, irin na sarari, da kukan iska a bututun hayaƙi. Lokacin Duthie ya zo ya wuce ba kowa. Wani kyaftin ya kira shi da suna, ya jira, ya sake kira. Na ji kujerar Netta ta motsa. Gwiwoyina suka fara ciwo, ban gyara ba. Ina ta cewa a raina, aiki ne ya riƙe shi, mutum ba ya sakin sitiyari a irin wannan ruwa don ya yi waƙa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Sai ga ta can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana ɓacewa, muryar nan mai kama da tsohuwar ƙofa. Bai kai ƙarshen baitin ba ya yanke, yana haki. "Tauraruwar Arewa ce. Mun sha ruwa, mun yi asarar raga, tukunyar miya ta kife a kan mai dafa ta. Amma duk muna lafiya. Iska ta fara sauka. Ku kwana lafiya."

Na ji Netta ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka. Na zauna a ƙasa, goshina a jikin bango, sai da numfashina ya dawo daidai.

"Sun yi magana, Mista Geddes," na ce, ina miƙewa da kyar. "Duk suna lafiya. Birki ya yi kyau, a saki jirgi."

Hannunsa yana nan a kan makunnin. Bakinsa a ɗan buɗe, fuskarsa a sake, kamar wanda ya zauna a benci bayan an tashi aiki. Na kira shi sau ɗaya. Na taɓa wuyansa, da sauran ɗumi.

Netta ta shigo da ruwa a mayafinta, bakinta cike da labari. Ta dube ni, ta dubi gadon, ta haɗiye shi. Ta zo ta rufe masa ido da tafin hannunta, ta ɗauke hannun daga kan makunnin ta ɗora masa a ƙirji, ta sa hular a kai. Sannan ta je ta ɗaga taga kaɗan, yadda ake yi a nan in an yi rasuwa. Iska ta shigo ta kaɗa ƙananan bishiyoyin da ke kan tudu, tunkiya ɗaya ta faɗi a gefenta.

"A kashe wutar?" na tambaya.

"Bar ta tukuna."

Muka zauna, ita a kujera, ni a bakin gado. Fitilun ƙaramar tashar suna ci, baƙin kan jirgin yana tsaye a gabansu da taragunsa a baya. Can Netta ta share hanci ta ce, "Ya ji kuwa?"

Innes ma abin da ya tambaye ni ke nan ranar Asabar, da muka dawo daga maƙabarta, tafin hannunsa da shatin igiyar da ya riƙe aka saukar da akwatin gawar. Bangon ba shi da kauri, kuma ɗakin ya yi tsit a lokacin, mai kunne zai iya ji daga kan gadon. Amma sa'ad da Duthie ya fara baitin, ni bayana na ba shi. Ko yana nan har lokacin, ko ya riga ya tafi, ban sani ba.